Sauke Mota Ƙasa da Ƙaramin Kuɗi: Sha'awar Matasa da Hukuncin Hanyoyin Ƙonni da Bazaga

Da yammacin ranar kasuwa a Birnin Ƙonni, babbar hanya ba ta da masaka tsinke. Ga tireloli ɗauke da simintin Malbaza, ga manyan motocin albasar Galmi, ga 'yan kabu-kabu da amalanken jakai, kowa na neman inda zai kutsa. A cikin wannan cunkoso, jefi-jefi sai ka hango wata 'yar mota mai ƙofa biyu, fentinta na sheƙi, tayoyinta sun shige cikin bodi, tsakanin bambarta ta gaba da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Tana isowa tudun rage gudu sai ta tsaya cik. Direba ya murɗa sitiyari, ya ɗora tayar dama ita kaɗai, ya ɗan jira, sannan ya ɗora ta hagu, motar ta haye a karkace. Abokinsa ya sauka don a rage nauyi, ya duƙa yana leƙen ƙarƙashinta yana ba da hannu. Duk da haka sai an ji ƙarfe ya gogi siminti. Na baya suna ta danna oda, yara kuma sun kewaye suna kallo cike da sha'awa.

Irin waɗannan motoci ba su da yawa a jihar Tawa. Amma sha'awarsu tana yaɗuwa a wayoyin samari, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi shiga haɗari, domin shi ne zai nemi hanya mafi araha.

Yankin da aka saba ɗaga mota

Bazaga ƙaramar hukumar karkara ce a Nijar, yamma da Birnin Ƙonni, dab da iyakar Najeriya. Kwaltar da yankin ke taƙama da ita ita ce babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi, ta ratsa Ƙonni da Galmi ta nufi Madawa da Maraɗi. A Tsarnawa wata ta balle arewa zuwa Tawa ta Badagishiri, wata kuma ta yi kudu daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya da Sakkwato. Da ka sauka daga waɗannan, sai burji da yashi da koramu.

Shi ya sa abin da garejojin yankin suka ƙware a kai shi ne ɗaga mota. Direban haya yakan sa a ƙara wa sifirin baya ganye ɗaya ko biyu, ko a cusa robar tsohuwar taya tsakanin zagayen sifirin, don motar ta ɗauki buhunan gero da fasinjoji ba tare da ta zauna ba. A shekarun da fataucin man fetur daga Najeriya ke kan ganiyarsa, kafin gwamnatin Bola Tinubu ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙananan motoci da yawa sun sha irin wannan aiki. Jarka arba'in masu lita 25 nauyin mansu kaɗai ya haura kilo 700, kuma ba ƙaramar motar da aka ƙera don wannan kaya.

Farin jinin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, daga nan ya samo asali: tana da tsayi daga ƙasa, ƙafarta tana da doguwar tafiya, tana haɗiye rami ba tare da ta girgiza fasinja ba. Hilux da Land Cruiser sun gaji wannan matsayi. Saboda haka idan saurayi ya shigo gareji ya ce, "Maigida, so nake a sauke min ita," tsohon makanike yakan fara da tambayarsa ko ya san hanyar garinsu.

Daga ina sha'awar ta zo?

Sauke mota tsohon yayi ne a duniya. A shekarun 1940, matasa 'yan asalin Meziko a birnin Los Angeles na Amurka suka fara yanke sifirin motocinsu, wasu ma suna zuba buhunan yashi a but don bayan motar ya kwanta. Su ma talakawa ne, da abin da hannu ya kai suka fara. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a ƙarshen shekarun 1950 da ta hana duk wani sashe na mota ya sauka ƙasa da gefen wili, kuma ba a janye wannan hani ba sai farkon 2024.

A Japan ma yayin ya yi ƙarfi, amma hukuma tana da iyaka: motar da tazararta da ƙasa ba ta kai santimita 9 ba, ba za ta wuce binciken lafiyar mota ba. A unguwannin baƙar fata na Afirka ta Kudu irin su Soweto, tsohuwar BMW 325i ce sarauniyar wasan juya mota. Daga 2001 kuma finafinan Fast and Furious suka kai hoton mota mai kwanciya ƙasa kowane gidan kallo.

Yanzu TikTok da Facebook ne ke wannan aiki. Bidiyon wasan mota daga Abuja, Kaduna, Kano ko Yamai yakan isa wayar saurayi a Bazaga cikin dare ɗaya. Jihar Tawa kuma gidan 'yan ci-rani ce. Wanda ya yi shekaru a Abijan, Legas ko Libiya ya dawo da ɗan abin hannu, yakan so garinsu ya ga alamar guminsa, kuma mota mai kama da ta fim tana cikin alamomin da ido ke saurin gani.

Sha'awar tana da tushe a ilimin mota. Idan nauyin mota ya matso kusa da ƙasa, ba ta cika karkata a kwana ba, tayoyi huɗun suna raba nauyi daidai gwargwado. Dalili ke nan da motocin tsere suke kwance. Sai dai filin tsere shimfiɗaɗɗe ne, ba rami, ba tudu, ba akuyar da za ta tsallaka.

Motar da ta tsufa kafin ta iso

Motocin da ake magana a kansu kusan duk 'yan Kwatano ne. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci kusan miliyan 14, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Nijar ta daɗe tana karɓar rabonta ta tashar Kwatano da gadar Malanbil zuwa Gaya. Rufe iyakar da ke wannan gada bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara tsawon hanya da tsadar mota da kayan gyaranta.

Wadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya kuwa ta kwana biyu. Toyota ta daina ƙera Celica a 2006. BMW E36 ta shekarun 1990 ce, E46 da ta gaje ta ita ma ta haura shekara ashirin, haka Golf GTI ta uku da ta huɗu. Irin wannan mota takan iso da sifirin da ya riga ya gaji ya zauna, shokazoba da ta zubar da manta, da robobin ƙafa da suka tsattsage. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ƙarasa abin da dusar ƙanƙarar Turai da gishirin hanyoyinta suka fara.

Kayan da aka ƙera musamman don sauke mota suna nan. Kamfanonin Jamus irin su Eibach da H&R suna yin gajeren sifirin da ke sauke mota santimita biyu da rabi zuwa huɗu, an auna ƙarfinsa da nauyin kowace mota. A Turai saitin huɗu yakan kama daga Yuro 150 zuwa 300, wato kusan jaka 100 zuwa 200 na sefa, kafin kuɗin jigila da na kwastan. Ƙafa mai zare, wadda ake murɗawa a ɗaga ko a sauke yadda aka ga dama, ta ninka haka. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake wajen jaka 42 a wata, wannan kuɗi ne da za a yi shawara da iyali kafin a fitar. Nan ne mai walda ke shigowa cikin labarin.

Hanyoyin araha guda uku

Ta farko ita ce wuta. Motar tana tsaye a kan ƙafafunta, mai walda ya zura kan wutar gas ya gasa zagaye ɗaya ko biyu na sifirin har ya yi ja, nauyin motar ya danne shi, ta zauna. Minti kaɗan an gama. Amma ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta da zafin da aka auna, wanda shi ya ba shi halin lanƙwasawa ya dawo. Wutar da ta sa ƙarfe ya yi ja ta wuce digiri 700, kuma tana kashe wannan hali. Wurin da aka gasa zai ci gaba da zama sannu a hankali, kowace ƙafa da nata gwargwado, wata rana kuma ya karye a kan gudu. Tsinken sifirin da ya karye yana iya farke taya daga ciki. Wannan hanya ba ta da gyara, ba ta da uzuri.

Ta biyu yanka. A ciro sifirin, a datse zagaye ɗaya da injin yankan ƙarfe, a mayar. Ta fi wuta dama, amma tana da sharuɗɗa. Sifirin da aka rage wa zagaye yakan ƙara tauri: mai zagaye shida masu aiki, in aka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ƙari ba ya cike gurbin tazarar da aka rasa. Sannan sifirin da bakinsa ya tsuke ko aka daddale shi ba ya yankuwa, domin ba zai koma mazauninsa daidai ba. In kuma aka zarce a yanka, duk lokacin da taya ta faɗa rami ta miƙe, sifirin zai yi lilo a wurinsa, yana iya tsalle ya fita.

Ta uku matsewa: a haɗa zagaye biyu da ƙarfe mai noti a ɗaure. Ƙarfen yakan ci jikin sifirin a wuri ɗaya, girgizar hanyar burji kuma takan kwance notin.

Akwai haɗarin da ke riga duk waɗannan, kuma yaran gareji ne ke ɗaukarsa. Sifirin gaba da ke kan shokazoba a matse yake da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Inda babu ƙarfen matse shi na gaskiya, akan ga an ɗaure shi da igiya ko waya, yaro ya tsuguna a kansa yana kwance notin sama. In ɗaurin ya suɓuce, haƙora da yatsu da ido ne a gabansa.

Lissafin santimita

Motar tsere ta kasuwa takan fito daga masana'anta da tazarar santimita 12 zuwa 14 tsakaninta da ƙasa. Hilux ta haura 20. Mu ɗauki mai 13. Tsufan sifirin ya ci ɗaya ko biyu. Mutum huɗu da cikakken tanki sun ci biyu ko uku. An sauke ta huɗu. Abin da ya saura bai wuce huɗu zuwa shida ba.

Tudun rage gudu da aka yi bisa ƙa'ida yakan kai santimita bakwai zuwa goma, wanda mutanen gari suka gina da kansu bayan mota ta buge yaro kuwa yakan fi haka. A kwalta, nauyin tireloli yakan kafta sawu biyu ya bar tudu a tsakiya. A hanyar ƙauye abin ya fi muni: sawun manyan motoci da amalanke ya zurfafa, tsakiyar ta tashi, wani wurin da dutse a binne cikin yashi.

Abin da ke fara haɗuwa da wannan dutse shi ne kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin. A motoci da yawa na Jamus da alminiyam aka yi shi, ba ya lotsawa, fashewa yake yi. Man ya tsiyaye cikin 'yan mintoci, in direba bai lura da jar fitilar da ta kama a gabansa ba, injin ya ƙone. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, koramun da ke malala zuwa kwarin Magiya suna hawa hanya. Duk santimitar da aka sauke mota, an sauke bakin da injin ke shaƙar iska ke nan zuwa ga ruwa.

Abin da ke biyo baya

Ko ba a bugi komai ba, motar da aka sauke ta canza hali. Shokazoba tana da iyakar tafiya, kuma an cinye rabinta tun motar tana tsaye. Ɗan rami kaɗan sai ta kai ƙarshe ta bugi robar da ke tare ta, kamar mutumin da ya diro daga katanga bai lanƙwasa gwiwa ba. A wannan lokacin taya takan yi tsalle ta bar ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Tayoyi kuma sukan kwanta ciki ta sama, saitinsu ya gurɓace. Daga waje taya tana nan da zanenta, ta ciki kuwa ta cinye har waya ta fito. Fitilun gaba su daina haska inda ya kamata. Salansa ta riƙa gogar ƙasa har ta huje.

Akwai wata matsala da ba kowa ya sani ba. Tsofaffin motoci da dama, har da wasu Golf da Peugeot, suna da wani bawul a baya da ke auna yadda motar ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan an yi lodi. Motar da aka sauke, bawul ɗin zai ɗauka kaya ne a cikinta alhali ba kowa. A taka birki da ƙarfi, tayoyin baya su riga na gaba kamawa, motar ta juya. Sai an sake saita shi bayan aikin.

Kowa da hujjarsa

Samarin da ke wannan sha'awa suna cewa kuɗinsu ne, guminsu ne, kuma ado ba laifi ba ne: mai doki yana yi wa dokinsa kwalliya, mai babur ma haka. Wasunsu sun san mota ƙwarai, suna kwana suna kallon bidiyon gyara, kuma daga cikinsu ne gwanayen makanikai na gobe za su fito.

Makanikai sun rabu biyu. Wasu na ganin in ba su yi ba, na kusa da su zai yi, ciniki ya wuce su. Tsofaffin hannu kuwa sukan ƙi taɓa sifirin da wuta ko nawa za a biya, domin motar da ta kife da aikin hannunsu sunan garejinsu za ta ɗauka.

Iyaye suna duban abin ta wata fuska. A ƙauye mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ita za a buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama, a nufi asibitin Ƙonni ko na Galmi. Motar da ba za ta iya shiga unguwa ta ɗauko mara lafiya ba, a wurinsu almubazzaranci ce. Dillalai kuma sun san mai saye yana leƙa ƙarƙashi kafin ya taya, kuma yankakken sifirin yana karya farashi.

Adalci ne a faɗi cewa masu ɗaga mota ma ba su tsira ba. Motar da aka ɗaga, aka kuma tula mata kaya a rufi, ita ce ke saurin kifewa a kwana ko idan taya ta fashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗuran hanya na kashe kusan mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Mai sama da mai ƙasa duk wasa suke da abu ɗaya: awon da injiniyoyi suka yi wa ƙafar motar.

Doka da inshora

A Jamus, inda yawancin waɗannan motoci suka fito, ba a canza sifirin sai da takardar amincewa da ta dace da motar, kuma sau da yawa sai masu bincike irin su TÜV sun duba aikin. A Nijar akwai binciken lafiyar mota da hukumar kiyaye haɗura ta ANISER, a Najeriya akwai takwararta FRSC tun 1988, amma a kan hanya an fi duba takardu fiye da ƙarƙashin mota. Akwai kuma batun inshora. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita tare da sauran ƙasashen yankin sefa, ta wajabta wa mai inshora ya sanar da kamfani duk canjin da ke ƙara haɗari. Wanda ya ɓoye, ranar biyan diyya zai iya samun kansa cikin jayayya.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Tudun rage gudu mai tsayi ɗaya, mai fenti da allon gargaɗi, zai amfani kowa. Cibiyoyin koyon sana'a da ke ƙananan hukumomi za su iya sa aikin ƙafar mota da amfani da ƙarfen matse sifirin cikin abin da suke koya wa yara.

In dai sai an sauke

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma akwai tsarin da mai ƙaramin kuɗi zai bi bai cuci kansa ba. Kuɗin farko na shokazoba ne da robobin ƙafa da birki da tayoyi masu rai. Sau da yawa motar da aka gyara wa waɗannan takan riƙe hanya fiye da wadda aka sauke a kan matacciyar ƙafa.

Bayan haka a nemi abin da za a iya warwarewa. Mercedes 190 da ire-irenta suna da faifan roba a kan sifirin, kauri daban-daban, daga milimita 8 zuwa 23. A sa mafi siriri, mota ta sauka kaɗan, ba a yanka komai ba. Peugeot 205, 206, 306 da 405 sandar ƙarfe mai murɗuwa ce a bayansu, gwanin makanike yana iya zare ta ya mayar a wani haƙorin, amma dole a daidaita gaba da baya, a kuma duba bawul ɗin birki. Gajeren sifirin na gwanjo daga kasuwannin kayan mota na Kano ko Yamai ya fi yankakke, muddin lambarsa ta dace da motar kuma ba tsatsa ko tsagewa a jikinsa.

Kada a wuce santimita biyu da rabi zuwa uku. A yi ƙafafun dama da hagu tare. A adana tsohon sifirin don ranar sayarwa ko ranar nadama. A sa mai walda ya yi farantin ƙarfe mai kauri da zai kare kaskon baƙin mai, wanda shi ne aikin da wutarsa ta dace da shi. Daga gareji a wuce wurin saitin taya da na fitila a ranar, ba sai wani mako ba.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, mai motar ya ɗauki abokansa uku su shiga, wani ya sa awo a ƙarƙashin wurin da ya fi kusa da ƙasa, sannan ya je ya auna tudu mafi tsayi a hanyar da yake bi kullum. Idan bayan saukewa ba za a sami santimita goma da mutum huɗu a ciki ba, ko kuma gidansu yana bayan kwalta, a bar motar yadda take, a sa kuɗin a taya da birki.